Jan Ruwa da Koren Ruwa: Tarihin Wata Hasara a Bakin Bahar Azrak

Kakana, Allah Ya jiƙansa, ya san watannin Musulunci sarai saboda ibada. Amma in ana batun aiki da abinci, shekara kashi biyu ce kawai a wurinsa, lokacin jan ruwa da lokacin koren ruwa. Jan ruwa shi ne na damira, wato cikowar kogi daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ruwa kan zo da ƙarfinsa, cike da laka, kai ka ce kunun jar dawa. Koren ruwa kuwa shi ne wanda kan biyo baya, in kogi ya lafa, laka ta kwanta, gansakuka ta fara shimfiɗa tabarmarta a gefe-gefe. Yakan ce mini, "Kai yaro, jan ruwa ɓata riga yake yi. Koren ruwa mutum yake ɓatawa." A lokacin na ɗauka irin zancen tsofaffi ne. Sai da na girma na bi tarihin wannan kogi, na tarar tsohon nan ya riga masana faɗin abin da suka cika littattafai da shi.

Ni haifaffen wata unguwar Hausawa ne a gefen Rufa'a. Ga wanda bai san wurin ba, Rufa'a gari ne a gaɓar gabas ta kogin da mutanen Sudan ke kira Bahar Azrak, reshen Nilu da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha. Tana fuskantar Hasahisa da ke tsallake, Wad Madani na kudu da ita, Hartum na arewa. A nan ne Shaihu Babikir Badri ya buɗe makarantarsa ta 'yan mata a 1907, abin da mutanen garin ke tinƙaho da shi har gobe. Tsallaken kogi ta yamma ƙasar Jazira ce, shimfiɗaɗɗen fili tsakanin Bahar Azrak da Bahar Abyad. A can kakana ya yi zamansa, a wani kambo, wato irin unguwannin leburori da ake kafawa a bakin gonaki, waɗanda jam'insu kanabi. Can nake zuwa duk hutun makaranta.

Abin da nake son mai karatu, ko mai sauraro, ya biyo ni mu duba shi ne yadda aka yi ruwanmu ya koma kore, nawa hakan ya ci, kuma daga aljihun wa kuɗin ya fita.

Yadda muka zo, da yadda aka tsare kogi

Tun kafin Turawa, mutanenmu na ratsa Sudan a ƙafa zuwa aikin hajji, wasu su isa, wasu guzuri ya ƙare su yada zango. Amma babban ƙaura shi ne wanda ya biyo bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka sauka a bakin Bahar Azrak, kudu da Sinnar kaɗan, wajen 1906. Garin da suka kafa shi ne Maiwurno. Daga nan ƙauyukan Hausawa da Fulani da Barebari suka yi ta yaɗuwa a bakin kogi, mutanen ƙasa kuma suka haɗa mu a suna guda, Fallata.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, mai tsawon kimanin kilomita 3, aka buɗe gonar Jazira da faddan 300,000. Faddan ɗaya ya ɗara eka ɗaya da kaɗan. Manufar a fili take, a noma wa masaƙun Ingila auduga mai dogon zare. An yanka wa kowane manomi gonarsa, wadda ake kira hawasha, aka ce kashi 40 cikin 100 na ribar auduga nasa ne, sauran gwamnati da kamfanin Turawa su raba. Wanda ba a rubuta sunansa cikin rabon ba shi ne lebura mai shuka, mai cira, mai tsintar auduga, mai yasar magudanar ruwa. Da yawa daga cikin waɗannan leburori kakanninmu ne. A 1950 gwamnati ta karɓi gonar daga kamfani, ta kafa Hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat. Da aka ƙara yankin Manakil a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, faɗin gonar ya haura faddan miliyan 2.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Gansakuka tana buƙatar abubuwa huɗu kafin ta yi ƙarfi: ruwa mai tsayuwa, zafi, hasken rana da ke ratsa ruwan, da abinci, wato sinadaran naitirojin da fosfaras, irin waɗanda ke cikin taki da kashin dabbobi da bayan gida. Zafi da rana dai Allah Ya hore mana su. Abin da Bahar Azrak bai saba yi ba shi ne tsayawa. Da damira gudu yake yi, ga laka ta tare haske. Da rani kuma ya janye ya zama ɗan siriri. Madatsar Sinnar ce ta fara koya masa zama wuri ɗaya. Ana barin ƙofofinta a buɗe jan ruwa ya wuce, sai cikowa ta fara ja da baya a rufe a tara ruwa. Ruwan da aka tara ya kwanta, ya yi garau, rana ta ratsa shi.

Masana sun lura da wannan tun da wuri. A 1953 wani masani ɗan asalin Folan, Julian Rzóska, ya kafa sashen binciken halittun ruwa a kwalejin da ta zama Jami'ar Hartum. Shi da abokan aikinsa suka bi kogunan biyu suna ɗibar ruwa suna ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. A 1954 suka nuna yadda madatsar Jabal Auliya, wadda aka gama a 1937 a kan Bahar Abyad, ta mai da bayanta wurin hayayyafar ƙananan tsirran ruwa. A 1967 shi da Jack Talling suka buga irin wannan nazari a kan Bahar Azrak: da zarar laka ta kwanta, an cika tafkin Sinnar, sai ƙwayoyin su yi ta ninkuwa, ruwa ya kwaso su ya wuce da su ta gabanmu har Hartum. Cikin waɗanda suka fi yawa akwai wadda ake kira Anabaena. Ita wannan tana cikin dangin da masana ke kira sayanobakteriya, kuma a wannan dangi ne ake samun masu dafi. Ga koren ruwan kakana ke nan, da sunansa na boko.

Tur'a da masu yasarta

Kogi ko ya yi kore, yana tafiya. Inda abin ya fi tsanani shi ne cikin magudanan gona. Daga Sinnar babbar magudana ke ɗauko ruwa, ta raba wa manya, manya su raba wa ƙanana, waɗanda muke kira tur'a. Daga tur'a ruwa ya shiga Abu Ishirin, daga nan ya shiga Abu Sitta, sannan ya isa gindin shuka. Tur'o'in nan kaɗai, in aka jera su, sun kai kimanin kilomita 8,000.

Da farko an so a riƙa ban ruwa dare da rana. Manoma suka ƙi aikin dare, sai aka koma tara ruwa cikin tur'a da daddare, a sake shi da safe. Ke nan kowace tur'a ta zama dogon kududdufi. Laka na kwanciya a ƙasanta, ciyayin ƙarƙashin ruwa na kafa saiwa a lakar, gansakuka na naɗe ciyayin kamar zare a mazari. Duk da haka, a shekarun farko akwai abin da ke taka wa ciyawa birki. Yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1929 ta keɓe wa Masar ruwan kogi na watannin rani, saboda haka daga wajen Afrilu zuwa tsakiyar Yuli akan rufe mafi yawan magudanai su bushe. Rana ta ƙone ciyawa, ta kashe abin da ke maƙale da ita.

Yarjejeniyar 1959 ta ba Sudan kubik mita biliyan 18.5 a shekara, Masar 55.5. A 1966 aka gama madatsar Rusairis. Ruwa ya samu, aka ƙara alkama da gyaɗa da kayan lambu a kan auduga da dawa, aka ƙara zuba takin zamani. Amfanin gona ya ƙaru, ba mai musun wannan. Sai dai hutun da tur'a ke samu ta bushe ya gajarce ƙwarai, wasu ma ba sa rabuwa da ruwa. Tun daga nan yasar laka da yankan ciyawa suka zama abin da ya fi cin kuɗi cikin hidimar kula da magudanai. Inda kuɗi bai kai ba, tur'a ta cushe, ruwa ya kasa isa gonakin ƙarshe. Mutanen Jazira na da suna ga wannan masifa, atash, wato ƙishirwa. Ka ga manomi gonarsa na bushewa alhali kogi cike yake. Bayan an sauya tsarin lissafi a farkon shekarun 1980, aka ɗora wa kowane manomi kuɗin ruwa da na ƙasa a kansa, sai ga mutum ana binsa kuɗin ruwan da ciyawa ta tare a hanya.

Laka ana kwashe ta da injin da ake kira karraka. Ciyawa kuwa, shekara da shekaru hannu ne ke cire ta. Kakana na cikin masu wannan aiki. Su kan shiga ruwa iya ƙirji tun da hantsi, da lauje da manjagara, wani lokaci su ja sarƙa daga gaɓa zuwa gaɓa don ta tumɓuke saiwa, su jibge ciyawar a bakin tur'a tana wari. In ya dawo, ƙafafunsa sun yi fari sun yamutse, jikinsa duk ƙaiƙayi. Kakata, wadda muke kira Habboba irin na mutanen nan, ta shafa masa man riɗi tana mita. Ni kuwa in ta gan ni na jiƙe sharkaf sai ta ce, "Angona, ka sake shiga tur'ar nan ko? To, in ka zama kwaɗo ni dai ba na auren kwaɗo."

Abin da ba mu sani ba shi ne, cikin ciyawar nan wasu ƙananan katantanwa ke zaune suna kiwo a kan gansakuka, su ne kuma masaukin tsutsar tsargiya. Tsargiya iri biyu ce. Akwai ta mafitsara, wadda kowane Bahaushe ya sani da fitsarin jini. Akwai kuma ta hanji, wadda ba ta da hayaniya, sai ta yi shekaru tana cin hanta, saifa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, wata rana mutum ya kama aman jini. Likitocin Turawa sun san haɗarin tun kafin a buɗe gonar. Sun riƙa duba leburorin da aka kawo daga Masar, sun kuma ɗora wa alhazan yamma, wato mu, laifin shigo da cutar. Daga baya aka yi ta zuba magungunan kashe katantanwa cikin magudanai, a shekarun 1950 da wani shuɗin sinadari na jan ƙarfe, a shekarun 1970 har da jirgin sama. Duk da haka ta hanji ta yi ta ƙaruwa, har ta kai a wasu ƙauyuka fiye da rabin jama'a na ɗauke da ita. Binciken da Alan Fenwick da abokan aikinsa 'yan Sudan suka yi a tsakanin leburorin Jazira ya nuna abin da ba ya buƙatar duba: masu yasar tur'a da mazauna kanabi su suka fi kowa ɗaukar cutar, kuma wanda tsutsa ta yi wa yawa ƙarfin aikinsa raguwa yake yi.

Ga sauro kuma. Ruwan da ciyawa ta tare shi ne gidansa, maganin da ake fesa wa auduga kuma ya sa ya saba da guba, har DDT ya daina kashe shi. A tsakiyar shekarun 1970 zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kwantar da mutane daidai lokacin tsintar auduga. Wannan ne ya sa a 1979 gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa Shirin Lafiya na Bahar Azrak, wanda ya yi aiki har zuwa wajen 1990 a Jazira da Manakil da Rahad. An raba sabon maganin tsargiya, firazikwantel, an gyara rijiyoyin burtsatse, an raba murafun masai. Cutar ta ragu sosai. Da kuɗin tallafi ya ƙare, ta fara dawowa, domin ciyawa da katantanwa suna nan inda aka bar su. Kakana dai maganin ya zo masa a makare. Da cikinsa a kumbure ya koma ga Mahaliccinsa.

Baƙuwar kainuwa

Ana cikin wannan fama a Bahar Azrak, sai wata baƙuwa ta ɓullo a Bahar Abyad. Bahaushe ya san kainuwa, har yana yi mata kirari da dashen Allah. Wannan kuwa dashen mutum ce. Asalinta Kudancin Amurka, mutane suka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa saboda kyan furenta mai ruwan shuni. Masarawa na kiranta wardin Nilu, a Sudan a'ashabun Nil. An fara ganinta a Bahar Abyad wajen 1957 zuwa 1958, cikin 'yan shekaru kaɗan ta mamaye kogin daga kudu har bakin madatsar Jabal Auliya. In yanayi ya yi mata daɗi, cikin mako biyu takan ninka kanta.

Hasararta kowa ya gan ta da idonsa. Jiragen ruwa da ke kai kaya daga Kosti zuwa Juba suka riƙa maƙalewa, tafiya ta ƙara kwanaki, mai ya ƙara ƙonewa. Bakunan famfunan ban ruwa suka toshe. Ruwan da ganyenta ke fitarwa sama ya ɗara wanda rana ke ɗauka daga buɗaɗɗen kogi, a ƙasar da ake ƙirga kowane ɗigo da yarjejeniya. Masunta kuwa, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu a wajejen Kosti da Rabak, sai mutum ya wayi gari iska ta turo tsibirin ciyawa ya rufe mashigi, kwale-kwale ba ya fita, komar da ya shimfiɗa jiya ta tafi da ita.

A 1960 aka yi doka ta musamman da ta hana ɗaukar wannan tsiro ko dasa shi. Aka kafa shingayen bincike don kada ya tsallaka zuwa Bahar Azrak da magudanan Jazira, aka mai da Jabal Auliya katangar ƙarshe. Shekara da shekaru ana fesa masa guba ta jirgin sama da na ruwa, ana kashe kuɗi masu yawa, ciyawa ta mutu ta nutse ta ruɓe, wata ta taso. Abin da ya karya lagonta a ƙarshe ƙwari ne. A ƙarshen shekarun 1970 aka shigo da wasu ƙananan ƙwari masu suna Neochetina, waɗanda a ƙasarta ta asali su ke cin ta, aka sake su a kogi. Cikin 'yan shekaru ta ja da baya ƙwarai.

Abin lura a nan shi ne, kainuwar nan ta samu doka da ma'aikata da jiragen sama domin ta tare hanyar jirgi da famfon manya. Ciyawar tur'a da gansakukarta, da ke cin hantar lebura a hankali, ba su taɓa samun irin wannan gaggawa ba.

Abin da wasu ƙasashe suka ƙirga

Ba kowace gansakuka ce ke da dafi ba, ido kuma ba ya iya bambancewa. Tun a 1878 wani masani, George Francis, ya rubuta yadda tumaki da dawakai da karnuka suka mutu bayan shan koren ruwan tafkin Alexandrina a Ostireliya. A 1991 kogin Darling na ƙasar ya yi kore na tsawon kimanin kilomita 1,000, har aka ayyana dokar ta-ɓaci. A 1996, a garin Caruaru na Barazil, mutane fiye da 50 masu wankin ƙoda suka rasu saboda an yi amfani da ruwan da ke da wannan dafi. A 2007 tafkin Taihu ya hana kimanin mutum miliyan 2 na birnin Wuxi a Sin ruwan famfo na kwanaki, farashin ruwan roba ya yi tashin gwauron zabo. A Agustan 2014 aka hana mutane fiye da 400,000 a Toledo ta Amurka shan ruwan famfonsu kusan kwana uku. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar suka ce dafin gansakuka ne a tafkunan da suke sha.

Dafin da ya fi yawa sunansa maikirosistin, hanta yake kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha na yau da kullum a maikirogiram 1 cikin lita. Tafasa ruwa ba ya kashe shi. Wannan ya kamata matanmu su ji da kyau. Jan ruwa muna da maganinsa tun kaka da kakanni: a daka 'ya'yan zogale, ko a jefa alif, a motsa cikin randa, laka ta kwanta. Wata masaniya, Samia Al Azharia Jahn, ta yi shekaru tana nazarin wannan dabara ta matan ƙauyukan Sudan, ta kuma tabbatar tana aiki. Amma dafin da ya riga ya narke cikin ruwa ba ya kwanciya tare da laka.

A 2009 Walter Dodds na Jami'ar Jihar Kansas da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa lalacewar ruwan tafkuna da koguna ta wannan hanya na ci wa Amurka kimanin dala biliyan 2.2 a shekara. Kaso mafi girma ya fito ne daga faɗuwar darajar gidajen bakin tafki da kuma hasarar shaƙatawa, wato iyo da kamun kifi na nishaɗi da yawo a kwale-kwale. Su can in yaro ya fasa iyo, akwai mai otal da mai sayar da tikiti da zai rubuta abin da ya rasa.

Lissafin gidanmu

Mu ma muna da shaƙatawa, rasiɗi ne kawai ba mu da shi. Yaron kambo ba shi da filin wasa da ya wuce tur'a. In rana ta take, can za ka same mu, muna tsere, muna nutso, muna kama tarwaɗa da hannu. Mata na wanki a gefe suna hira, samari na wanke jakuna. Mutanen Rufa'a kan sauka bakin kogi da yamma a sha shayi a kan rairayi, na Hartum kuma su tafi Jabal Auliya ranar Juma'a cin soyayyen kifi. Duk wannan dukiya ce, ko da ba a sa mata farashi ba. Da koren ruwa, uwa na da zaɓi biyu, ko ta hana ɗanta abin da ya fi so a duniya, ko ta bar shi ya ɗauko cuta.

In na zauna na jera abin da gidanmu ya biya, ga abin da nake gani. Kwanakin aikin da kakana ya yi a kwance, kuma lebura ranar da bai fita ba babu lada. Akuyoyin da aka sayar aka kai shi asibiti. Kuɗin ruwan da muke saye a wurin mai kuran jaki duk lokacin da na tur'a ya yi wari. Dawar da ta bushe a gonar da babana ke nomawa bisa rabo, shekarar da atash ya same su, mai hawasha ya yi hasara, mu ma muka yi. Ƙanena da ya maimaita aji saboda zazzaɓi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya shiga littafin kowa. Auduga an auna ta da kantar, an rubuta, an raba riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

'Yan'uwanmu na Najeriya sun san irin wannan labari. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina bushewa da rani kamar da, sai kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ruwa ya malale inda ba a so, ya ƙi zuwa inda ake jira, gonaki da wuraren su suka salwanta, tsuntsayen jan-baki suka samu mafaka suna cinye shinkafa da gero. Wanda ya taɓa wucewa ta bakin kududdufan cikin birnin Kano da bazara kuma ya san launin da nake nufi.

Abin da ke tafe

Dokar Jazira ta 2005 ta sakar wa manomi ya shuka abin da ya ga dama, ta kuma miƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Kowa ya shuka nasa a lokacin da ya so, tur'a ta ƙara rasa hutu, ga kuɗin yasa babu. Sannan yaƙi ya zo. A Disambar 2023 Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, Rufa'a ma haka. A Oktoban 2024 ƙauyukan gabashin Jazira suka ga tashin hankalin da baki ba zai iya faɗa ba. Da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025, wasu kanabi su ma aka afka musu. Injuna sun tsaya, wutar famfunan burtsatse ta ɗauke, mutane suka koma shan kogi da tur'a kai tsaye, amai da gudawa ya biyo baya.

A can sama kuma, kusa da iyaka, Habasha ta gina babbar madatsarta, mai ɗaukar kubik mita biliyan 74. An fara ginin a 2011, an fara tara ruwa a 2020, an buɗe ta a Satumbar 2025. Mafi yawan lakar da ke zuwa mana za ta riƙa kwanciya a can. Injiniyoyi na murna, kuma suna da gaskiya, domin kuɗin karraka zai ragu. Amma Masar ta riga mu ganin ɗaya fuskar. Da babbar madatsar Aswan ta tare laka, ruwan magudanansu ya yi garau, rana ta kai har ƙasa, ciyayin ruwa suka yi yawan da ba a taɓa gani ba. Kuma gonar da laka ta daina zuwa mata, taki za a ƙara mata, ragowar takin kuwa ruwa zai koma. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba ina cewa a rushe madatsa ba ne. Da ruwan Sinnar aka ciyar da mu, da shi aka yi mana sutura. Abin da nake roƙo, ranar da za a zauna sake gina Jazira, a sa koren ruwa cikin lissafi tun daga shafin farko. A mayar wa tur'a lokacin bushewarta. A riƙa auna ruwan tafkunan Rusairis da Sinnar a watannin da gansakuka ke tashi, a sanar da jama'a ta rediyo da Larabci da Hausa. A haƙa wa kanabi burtsatse, a ba su maganin tsargiya duk shekara, a ba mai shiga ruwa takalmin roba da lada mai kyau. Mu kuma namu, in ruwa ya yi kauri kamar an zuba koren fenti, ko yana wari, kada a sha, kada a shayar da dabba, kada a bar yaro ya shiga.

Rabona da kambon kakana tun kafin yaƙi. A zuwana na ƙarshe na tsaya a bakin tur'ar da ya yi rayuwarsa yana yasa. Ciyawa ta haɗe daga gaɓa zuwa gaɓa, sai wani ɗan fili da yara suka buɗe da hannu suna iyo a ciki. Na kira babbansu na ce su fito, ruwan nan ba shi da kyau. Ya dube ni ya ce, "To Baba, ina za mu je?" Har yau ina bin yaron nan bashin amsa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ruwa mai albarka.